Baba Aƙilu, Kukun Jirgin Baro

Tun da na yi wayo nake ganin Baba Aƙilu a kicin ɗin gidanmu da ke Nassarawa GRA. Dogo ne siriri, ba ya rabo da ɗan tawul a kafaɗa. Direbobi da masu gadin layinmu duk mutanen karkarar Kano ne da Jigawa da Katsina, kowa ka tambaya zai faɗi ƙauyen da aka sani. Shi kuwa in aka tambaye shi garinsu sai ya ce Baro, mai tambayar ya ce ina ne kuma nan, don yawancinsu ba su taɓa jin sunan ba.

Baro tsohuwar tashar jiragen ruwa ce a bakin kogin Kwara, cikin ƙasar Nufe, kuma daga can aka shimfiɗo titin jirgin ƙasa zuwa Kano. Mahaifin Baba Aƙilu mutumin wani ƙauye ne kusa da Ringim. Yana saurayi ya bi taragon gyaɗa, wai ya ga inda layin dogon ya ƙare ya dawo. Da ya isa ya samu aikin dako a bakin ruwa, ya auri wata Banufiya, shi ke nan ya zauna. A nan aka haifi Aƙilu, a unguwar Hausawa da ke bayan manyan sito na kamfani.

Da ya tasa aka ɗauke shi wanke-wanke a ɗaya daga cikin jiragen da ke sauka kudu, daga baya ya zama kuku. Wannan zamanin shi ne abin hirarsa, musamman ran da aka kawo kifi gida. Sai ya ɗaga shi ta wutsiya ya yamutsa fuska.

"Mahmudu, wannan kifin dam ne," zai ce mini. "Bai taɓa yin iyo na gaske ba. Da ka ga giwan ruwan da ake kamawa a ƙasan Baro, sai ƙarti biyu sun ɗauka."

Daga nan hira ta ɓarke. Ya ce sai damina ta yi nisa kogi ya cika sannan jirage ke iya hawowa. Ran da aka ji kukan jirgin farko daga nesa, mata kan bar tukunya a murhu su fito kallo. A sauke gishiri da kananzir da kwanon rufi da atamfa, a loda gyaɗa da auduga da fatu. Leburori na waƙa da Nufanci, 'yan dako na amsawa da Hausa. Yana zano garuruwan da suke wucewa, Lakwaja, Ida, Anacha, har Burutu inda ruwan ke fara gishiri, yana yi yana yanka albasa bai ko dubi wuƙar ba.

Akwai abin da ba ya faɗa, sai daga bakin Hajiya mahaifiyata na ji shi bayan na girma. Yaƙin basasa ya tsayar da jirage, da aka gama kuma ba su dawo yadda suke ba, manyan motoci sun kwashe kayan. Gari ya fara watsewa. Ana cikin haka annobar amai da gudawa ta shigo. Ta ɗauke matarsa Mairo, kwana kaɗan tsakani ta ɗauke 'yarsu Hafsatu, wadda lokacin ta fara tafiya. Iyayensa dama sun riga sun rasu. Ya rufe ɗakin ya hau jirgin ƙasa ya yo arewa. Wani ma'aikacin reluwe ne ya haɗa shi da Alhaji mahaifina, wanda a lokacin babban ma'aikacin gwamnati ne sabon tarewa a GRA. Bai sake aure ba. Duk sanda Hajiya ta taso da maganar sai ya ce, "Hajiya, a bar shi tukuna."

Mutum ɗaya ne a duk faɗin Kano ya san Baro irin sanin da ya yi mata. Sunansa Ebi, Kirista ne mutumin Burutu, wanda ya yi aikin ɗakin inji a jirgin da Baba Aƙilu ke girki. Sun yi kiciɓis a kasuwar Sabon Gari shekaru bayan rabuwarsu, Ebi ya buɗe rumfar gyaran injin ban ruwa da janareto. Tun daga ranar, duk Lahadi bayan la'asar Baba Aƙilu zai hau kekensa ya nufi Sabon Gari. Na taɓa kai shi a mota na zauna ina jinsu. Hausa da Turancin buroka suke cuɗawa, suna gardama a kan wace shekara ce jirginsu ya kafe a yashi kusa da Lakwaja, da kuma laifin wa ne. Gardamar ba ta taɓa ƙarewa ba, kuma na lura babu mai son ta ƙare.

A shekarar 2000 aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Baba Aƙilu ya je taron da ƙafarsa, ya dawo muryarsa a dishe saboda kabbara, yana murna ƙwarai. Amma a watannin nan, tun bayan rikicin Kaduna, mutanen kudu da yawa hankalinsu bai kwanta ba. Wata safiya sai ga Ebi a ƙofar gidanmu, karo na farko da ya taɓa zuwa. Aka shimfiɗa musu tabarma a gindin mangwaron bayan kicin.

"Aƙilu, yara sun ce in tattara," in ji Ebi.

"Wa ya taɓa ka?"

"Babu wanda ya taɓa ni. Tsoro suke ji. Kullum waya, kullum saƙo."

"Shari'ar nan tamu ce, Ebi, ba da kai ake ba. Ni zan tsaya maka ko a gaban wa."

Ebi ya yi ɗan murmushi. "Na sani. To je ka gaya wa 'ya'yana."

Baba Aƙilu ya shiga kicin ya yi masa farfesun kifi irin na cikin jirgi, mai yaji sosai. Suka ci tare. Da Ebi zai tafi, Baba ya raka shi har bakin titi, ya tsaya a wurin har motar hayar ta sha kwana. Ba su sake haɗuwa ba. Bayan shekara guda wani maƙwabcin rumfarsa ya kawo labarin Ebi ya rasu a can Burutu, inda ya koma.

Daga nan Baba Aƙilu ya rage magana. Keken ya jingine shi a bango har tayoyin suka sace. Abin da ya rage masa rediyo ne. Lokacin 'yan siyasa sun fara yawan alkawarin za a yashe kogin Kwara a farfaɗo da tashar Baro. Duk ran da ya ji, sai ya tare ni ina dawowa daga aiki.

"Ka ji kuwa? Sun ce jirage za su dawo."

"Na ji, Baba. Allah ya sa."

"Amin. In sun dawo za a buƙaci waɗanda suka san wurin."

Wata rana ya shiga falo ya durƙusa gaban Alhaji, ya ce yana neman izini zai koma gida. Alhaji ya yi ritaya tuni, ƙafa ma ta fara ba shi wahala. Ya dube shi ya ce, "Malam Aƙilu, wa ka bari a can?"

"Kaburbura, Alhaji. Ina so in kwanta kusa da su."

Alhaji bai hana shi ba. Ya ce Ɗanjuma direba ya kai shi, ni kuma in raka su in ga inda zai zauna. Baba Aƙilu ya zuba duk abin da ya mallaka a akwatin ƙarfe, ya bi gidajen layin yana sallama. Hajiya ta shige ɗaki ta ƙi fitowa.

Da bazara muka tafi. Muka kwana a Bida, washegari muka bi ta Agaie muka sauka daga kwalta. Hanyar ta lalace ƙwarai, amma shi bai damu ba. Yana gaba kusa da direba, yana ta nuna mana duwatsu da rafuka da sunayensu. Sai da muka shiga garin ya yi shiru.

Titin jirgin ƙasan na nan, amma ciyawa da ƙananan bishiyoyi sun tsiro tsakanin ƙarafan. Sito-siton babu rufi, awaki ne a ciki suna shan inuwa. Kogin ya ja baya ya bar yashi fari mai faɗi, da 'yan kwale-kwale a kife. Baba Aƙilu ya fita ya tafi da sauri, muna binsa. Ya tsaya a tsakiyar wata gonar rogo ya juya hagu ya juya dama.

"Nan ne unguwarmu," ya ce. "Akwai masallaci a nan. Akwai tsamiya."

Wani masunci magidanci da ya ji Hausa ya zo ya gaishe mu. Baba ya tambaye shi maƙabartar Hausawa. Mutumin ya nuna inda gaɓa ta zabge ta zama gangare. Ya ce wata babbar ambaliya ta cinye wajen tun yana yaro.

Masuncin ya kai mu wurin mahaifiyarsa, tsohuwa tukuf, ko za ta gane baƙon. Ta ƙura masa ido. Baba Aƙilu ya faɗi sunan mahaifiyarsa, Nna Wusa. Tsohuwar ta yi ƙara ta kama hannunsa da hannu biyu, ta fara zuba magana da Nufanci tana kuka. Na ga bakinsa yana motsi. Ya amsa gaisuwa, ya ƙara kalma ɗaya ko biyu, sai ya tsaya. Ta ci gaba, tana jira ya amsa. Ya juyo ya dubi ɗanta.

"Me take cewa?"

Harshen da ya sha a nono ya tafi, bai sani ba sai a lokacin. Ɗan ya riƙa fassara masa: ta ce ita ta yi wa gawar Mairo wanka, ta ce duk sa'o'insu sun ƙare sai ita, ta ce me ya hana shi zuwa da wuri. Baba ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hannun tsohuwar.

Da la'asar ya taka yashin nan har bakin ruwa, ya yi alwala, ya yi salla. Sannan ya dawo ya tsaya a inda gaɓar ta zabge ya daɗe yana addu'a. Masuncin ya ce akwai ɗaki a gidansu in yana so. Ɗanjuma ya buɗe bayan mota zai sauke kaya.

"Bar akwatin nan, Ɗanjuma," in ji Baba Aƙilu. "Mu kama hanya kafin duhu."

Washegari muka iso Kano. Hajiya ta gan shi ba ta tambaye shi komai ba, ta sa aka share masa ɗakinsa. Ya koma kicin, amma hannu ya yi sanyi, ido ma ya fara raguwa. Aka ɗauko wata mata daga unguwar Badawa tana girki, shi yana zaune a kan benci yana gyara mata gishiri. In labarin yashe kogi ya zo a rediyo sai ya murɗa zuwa wata tasha.

Ya rasu da daminar 2004, bayan gajeriyar jinya. Aka yi masa salla a masallacin layinmu. Direbobi da masu gadi da masu ban ruwan fulawa na unguwar duk sun fito, har sahu ya kai bakin titi. Bayan mun dawo daga maƙabarta liman ya tsaya a ƙofar gida yana dube-dube.

"Ina danginsa? Wa za a yi wa gaisuwa?"

Alhaji ya dogara sandarsa ya matso gaba.

"Ni ne," ya ce.

Ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ya zauna da ciwon ƙafarsa yana karɓar gaisuwa har aka yi sadakar uku.