Inna Yagana da Zoben Tiyo

Duk wanda ya saba shiga layin masu tattasai a kasuwar Diffa ya san Inna Yagana. Rumfarta ce ta kusa da masu kifi banda, kuma tun daga nesa ake jin muryarta tana zolayar masu saye. An haife ta a Baruwa, aure ya kawo ta gari. Maigidanta Fannami yana noman tattasai a bakin kogin Komadugu, ita kuma ta shanya, ta daka, ta tankaɗe, ta sayar. Haka suka yi har ƴaƴansu suka girma.

Bara ne bayanta ya fara ciwo. Tun tana ɓoyewa har ya kai sai ta dafa gini kafin ta miƙe, in kuma mudu ya faɗi ƙasa sai ta jira wani ya ɗauko mata. A likita aka ce zama ne ya yi mata yawa, ta riƙa motsa ƙugu. Autanta Mudassir, direban motar Zinder, da ya ji haka sai ya yanke nasa hukuncin.

"Inna, in na dawo bayan an cire tattasai na tarar bayan nan bai saki ba, makullin rumfa zan karɓa. Ki zauna gida ki huta."

"In huta in yi hira da wa? Da awaki?"

"Su ma ai suna da kunne," in ji shi.

Ta yi dariya, amma maganar ta tsaya mata a rai. A rumfar nan take jin wanda ya haihu da wanda ya yi tafiya, a nan ƙawayenta suke. In an raba ta da ita, ba ta san abin da za ta yi da yininta ba.

Maƙwabciyarta Fauziyya ce ta kawo dabara. Ita daga Najeriya ta zo, ta zauna a sansanin ƴan gudun hijira na Sayam kafin ta dawo cikin gari, kuma a can ta ga ana koya wa yara wasa da wani babban zobe da ake juyawa a ƙugu. Ta ce ai motsa ƙugu bai wuce wannan ba. Washegari Fannami ya dawo daga gona da guntun baƙin tiyon ban ruwa, ya lanƙwasa shi, ya cusa ɗan itace a bakunan biyu, ya ɗaure da robar taya.

Ranar farko Yagana ta shiga zoben da lafayarta, yadda za ta je biki. Tana juyawa zoben ya naɗe lafayar, ta tsaya kamar buhun da aka ɗaure baki. Fauziyya ta kwance ta tana dariya.

"Inna, wannan ba rawar biki ba ce. Ku rawarku a hankali kuke yi, kafaɗa da hannu. Nan kuwa ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, ki tura ciki ki dawo."

"Ni da girmana in tura ciki?"

"Ƙofa a rufe take. Ba mai gani sai ni."

Daga nan kullum bayan la'asar sai a rufe ƙofa, Yagana ta yi ɗaurin ƙirji ta shiga zobe. Ya zagaya sau ɗaya ya faɗi. Ta tsuguna da ƙyar ta ɗauka, ta sake. Wani lokaci ya bugi gwiwa, wani lokaci ya tafi da butar alwala. A hankali ta iya juya shi a hannu, har tana sauya shi daga dama zuwa hagu, amma a ƙugu ya ƙi zama. Fauziyya ta duba ta ce tiyon ba shi da nauyi, a zuba masa ɗan yashi a ciki, zai fi jin magana.

Yagana ba ta ga dalilin yashi ba, alhali ga kwano cike da tsakin tattasai da barkono, ƙwayoyin da suke ragewa a rariya bayan tankaɗe. Ta zare itacen, ta ɗura tsakin har ya yi mata, ta mayar ta ɗaure da kanta. Da ta girgiza sai ta ji yana kacau-kacau, abin ya yi mata daɗi. Ba ta gaya wa kowa ba.

A ranar ne Mudassir ya iso daga Zinder. Ya yi sallama ya shigo, ya tarar da uwarsa tsaye cikin tiyo, makullin rumfa ɗaure a bakin zaninta. Ya dubi Fauziyya, ya dubi ubansa da ke zaune kan tabarma.

"Baba, me ake yi a gidan nan?"

"Magani ake sha," in ji Fannami.

Yagana ta sa ƙafa ɗaya gaba, ta wurga zoben. Ya zagaya, ya sake zagayawa, bai faɗi ba. Ƙwayoyin ciki suna ba ta kiɗa, ita kuma tana bi. Ita kanta mamaki ya kama ta, amma ba ta bari ya nuna ba.

"Makulli ka zo karɓa ko? Ga shi nan. Matso ka kwance."

Mudassir ya matso yana dariya, yana neman ta inda zai miƙa hannu. Zoben ya bugi hannunsa, ɗaurin da ta yi ya saki, tiyon ya miƙe ya watsa abin da ke cikinsa ko'ina a tsakar gida. Jan gari ya tashi. Mudassir ne ya fara atishawa, sai Fauziyya, sai Fannami da ya ja rawani ya rufe hanci.

"Inna, yashi na ce miki," in ji Fauziyya tana share hawaye.

"Yashi ba ya kiɗa."

Ita Yagana da hancinta ya saba, sau biyu ta yi ta gama. Abin da ya dame ta tsakin ne da ke warwatse a ƙasa, domin mai tattasai ba ta barin ƙwaya ta lalace. Ta sunkuya tana tattarawa da tafin hannu tana zubawa a kwano, daga gindin turmi har bakin randa. Ta miƙe, ta hango wasu a gefen tabarma, ta sake sunkuyawa.

Mudassir ya daina murza ido yana kallonta. Ba ta dafa gini ba, ba ta kai hannu baya ba, ita ma ba ta lura ba sai da ta ga yadda yake kallonta. Ta tsaya da kwano a hannu, ta ɗan karkata dama, ta karkata hagu. Ciwon yana nan kaɗan, amma ba irin na da ba.

"To, makullin fa?" ta tambaye shi.

"Bar shi inda yake, Inna. Gobe da safe ni zan kai miki buhunan kasuwa."

Fannami ya jawo tiyon yana duba bakinsa, ya ce wannan karon shi zai ɗaure, kuma shi zai zaɓi abin da za a zuba a ciki.