Ni Na Riƙe Wa Sahabi Littafi

Shekara talatin da biyu ke nan da muka kai ƙanena Sahabi makwancinsa a Goronyo, tsakiyar damina, ƙasa duk ta jiƙe. Tsofaffin Rabah da na Goronyo sun san shi da Malam Sahabi na elementare. Ni kuwa a hannuna ya tashi, don mahaifinmu ya rasu yana ɗan shekara shida, ni na soma gemu. Ni ba marubuci ba ne, baduku ne a Wurno, kuma in masu karanta jaridar nan sun ga rubutuna ya karkace su yi mini uzuri. Bokon nawa na ajin yaƙi da jahilci ne.

Zamanin Turawa ne aka zo gidanmu neman yaron da za a kai boko, aka ɗauke shi ina ji ina gani. Na yi ta ɓacin rai, ashe yaron a nan rabonsa yake. Ya yi Midil a Sakkwato, ya wuce kwalejin horon malamai, ya dawo aka ba shi aji a Rabah. Mutum ne mai sanyin hali har ya kan ba ni haushi. Ka zage shi ya ce ka yi haƙuri.

Abu ɗaya na san ya ƙwallafa wa rai duk rayuwarsa. Gab da tafiyar Turawa an yi wata jarrabawa ta malaman da suka riga suka gama kwaleji. Wanda ya ci, a tura shi Ingila ƙarin karatu, ya dawo ya riƙe babbar makaranta. Sau uku ake ba mutum dama, in ya faɗi ta ukun an rufe masa ƙofa ke nan har abada. Lissafi da tarihi ba su taɓa ba Sahabi wuya ba. Takardar Turanci ce ƙarfen ƙafa: a ba ka labarin da ba ka taɓa gani ba, ka karanta, a jero maka tambayoyi a kansa.

Ya zauna ta farko ya faɗi. Da aka ba da dogon hutu ya taho gida Wurno a kan kekensa, da ƙamus da wani littafin gajerun labarai da Baturen makaranta ya ba shi. Ya ce mini kalmomi ne suka yi masa ƙaranci. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina. Na haddace Alƙur'ani tun ina saurayi, na zauna gaban malamai a zaure na sauke littattafai, don haka ban ga wani karatu a duniya da zai gagari hanyarmu ba. Na ce masa ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, tsari ya rasa, ya kawo littafin nan in ɗora shi a kan hanya.

Ga yadda muka yi. Bayan sallar asuba ya rubuta kalma goma a allo, kowace da ma'anarta, ya yi ta maimaitawa har rana ta fito, ya biya mini, sannan ya wanke. Da la'asar ya zo rumfata ya zauna a kan buzu, ni in buɗe littafin labaran a cinyata, shi ya kawo da ka. Ba na jin Turanci ko na sisin kwabo, amma ina gane baƙaƙe, kuma kunnen mahaddaci ba ya barci. Ina bi da yatsa. Da ya tsallake kalma ko ya sauya ta, sai in buga gindin basilla a kan allon yankan fata, ya koma baya. Masu kawo gyaran takalmi har tsayawa suke yi kallo, suna cewa Turanci ya shiga uku, ya faɗo hannun alaramma. Ni kuwa sai daɗa hura hanci nake yi.

Wallahi ya haddace. Littafin nan tun daga bango har bango ya zauna masa a ka, ƙamus kuwa ya ci fiye da rabi. Baturen makaranta da kansa ya kan jefo masa kalma mai wuya don ya gwada shi, Sahabi ya ba shi ma'ana uku. Ya zauna ta biyu, ya sake faɗuwa. Na ce ai tilawa ce ba ta nuna ba, a ƙara.

A shekarar aka mai da shi Goronyo. Da hutu ya zo, ya dawo rumfata muka ɗora daga inda muka tsaya, saura wata guda ya shiga ta ƙarshe. Wata ranar Laraba, ina riƙe da littafi, sai na ji ya saki hanya gaba ɗaya. Abin da ke shafi guda ya faɗe shi cikin numfashi uku, da wasu kalmomin da yatsana bai same su ba. Na buga basilla, bai tsaya ba. Ya kai aya, ya dube ni fuskarsa a sake, rabon da in ga haka tun yana yaro. Sannan ya gaya mini da Hausa abin da labarin ke cewa: wani mutum ne ke zaune shi kaɗai a kan dutse tsakiyar teku, aikinsa kunna fitila don kada jirage su yi karo, har kaɗaici ya kusa taɓa masa hankali. Hutu biyu ina sauraron labarin nan ban san na mai gadin fitila ba ne.

Na ce, "Mi kake yi haka? Wa yab ba ka iznin taɓa maganar mai littahi?"

Ya ce, "Yaya, Bature ya ce haka ake so. Ko ga takardar jarrabawa an rubuta, wai mutum shi hwaɗi da bakinai."

Nan fa na hau. A zauren da na yi karatu, matani amana ne. Ba ka ƙara, ba ka ragewa, ba ka sa taka a gurbin ta mai littafi, in ka yi kuwa malam ya tashe ka a gaban jama'a. Sai na yi wa maganar Bature fassara irin tawa. Na ce tarko ne. Na ce suna so su ga wane ne mai riƙon amana, wane ne mai kutse, don ba za su ɗauki mutum su kai shi ƙasarsu ba sai sun tabbata ba ya sauya magana. Har ga Allah na yarda da abin da nake faɗi. Na ce in an tambaye shi, ya nemo layin da amsar take ya kwafe shi yadda yake, ko ɗigo kada ya bari. Na rufe da abin da na san ba zai tsallake ba, na ce in dai ni na raine shi, kada ya saɓa mini a wannan.

Ya ce, "To, Yaya."

Ya tafi Sakkwato ya zauna ta uku. Bayan wata biyu ya aiko mini cewa Allah bai yi ba. Na je Goronyo ranar kasuwa na same shi, na yi ta zagin masu duba takardu, na ce son kai ne, 'ya'yan manya suka zaɓa. Yana jina, sai tura mini ƙwaryar fura da yake yi. Bai sake kawo mini littafi ba, bai kuma taɓa tayar da zancen ba. Shekara biyu bayan haka zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara, ya cika, ya bar mata da jinjiri. Ba zan ce jarrabawa ce ta kashe shi ba, ajali ne. Amma na ga yadda ya daina gyara kekensa, ya daina zuwa gida hutu, kuma na san abin da na gani.

Yau in Sahabi ya ɗago kai ba zai gane Goronyo ba. An datse gulbi, ana noman rani inda dā ƙura ke tashi, albasa ta cika kasuwa, makarantu ko'ina har ƙauyukan da a zamaninsa ba su san alli ba. Na tabbata zai yi murna da wannan, na kwana ɗaya. Kashegari in ya bi ta bayan tagar aji zai ji abin da nake ji kullum a Wurno: malam ya faɗi, yara su amsa da ƙarfi, malam ya maimaita, su maimaita. Ka tsai da wanda ya fi kowa murya ka ce ya gaya maka abin da ya karanta, sai ya sake rera maka shi. Manya masu digiri ma na ga suna sayen 'yan takardun da aka jera kalmomi, suna yawo da su a aljihu suna haddacewa. Dā ni kaɗai ne mai basilla, yanzu kowace makaranta da nata. Ban ga alamar abin zai sauya ba, kuma ba na jin zan ga haka da idona.

Hadda ba laifi ba ce, kada wani ya ɗauke ni da wata manufa. Ita ta tsare mana Littafi, kuma da ita zan shiga kabari in Allah ya so. Laifin nawa ne da na ɗauki abin da aka yi don maganar Allah na ɗora a kan labarin mai gadin fitila.

Me ya rage na Sahabi? Ba gida, ba gona, ba ko hoto. Akwai dattawa biyu a Goronyo da suka yi ajinsa a shekarunsa na ƙarshe. Ɗaya ya ce mini Malam ya kan rufe musu littafi ya ce kowa ya ba da labarin yadda zai ba kakarsa, wanda ya kawo shi da ka kuma sai Malam ya ce bai ji ba, a sake. Da na ji haka na yi murmushi na wuce, ban kawo komai a raina ba. Su biyun nan ma sun manyanta, kuma ba wanda ya zama malami a cikinsu.

Sai kuma ɗansa Aminu, jinjirin nan da ya bari. Ya yi jami'a, yana koyarwa, bana yana shirin jarrabawar Turanci ta shiga digiri na biyu. Da azumin da ya wuce mahaifiyarsa ta rasu, yana kwashe kayanta ya tsinci wata wasiƙa a ƙasan adaka, ya kawo mini har rumfa. Baturen makaranta ne ya rubuto wa ubansa bayan jarrabawa ta uku. Aminu ya fassara mini. Wai a cikin duk waɗanda suka zauna ba wanda ya kai Sahabi sanin kalmomi, kuma a kowace tambaya ya gano daidai inda amsar take. Amma ya kwafe ta ne kawai, alhali an ce ya faɗa da bakinsa, shi Baturen kuma ya gaya masa haka baki da baki tun kafin ya zauna. Da ya yi hakan ko a rabin tambayoyin, da ya wuce. Wai bai gane abin da ya hana shi ba.

Ashe Sahabi ya sani. Ranar da nake zaune a ɗakinsa ina zagin mutane ina shan furarsa, wasiƙar nan tana gidan.

Aminu ya ninke takardar, ya ce, "Baffa, tunda an gaya mai, mi yah hana shi? Wa yak koya mai wanga karatu?"

Na ce masa tsohon zance ne, na manta. Ya yi mini sallama ya tafi.

Ban manta ba. Na kasa faɗa maka a fuska ne, Aminu, kuma na san kana sayen jaridar nan. Ubanka ya iya, ya gane, ya faɗi labarin da bakinsa a gabana ranar wata Laraba yana murna. Ni na ce kada ya saɓa mini, shi kuwa bai taɓa saɓa mini ba. Na so in roƙe shi gafara, na makara da shekara talatin da biyu. Allah ya jiƙansa. Kai kuma in ka ga ba za ka sake taka rumfata ba, ba zan ga laifinka ba.