Ranar da Aka Tambayi Maiwada

Maiwada mutumin Malumfashi ne, kuma shekararsa goma sha bakwai yana tuƙi a wani kamfanin Japanawa mai gyaran injinan ruwa a Riyadh. Manajoji shida ya ɗauko daga filin jirgin Sarki Khalid, ya mayar da biyar. Kowanne da akwati biyu yake sauka, ba mata ba 'ya'ya, don kawai takarda ta zo daga Tokyo ta ce tashi, shi kuma ya tashi. Da mutum ya fara gane hanyar Al-Nasiriya, ya fara shan gahawa ba tare da yamutsa fuska ba, sai wata takardar ta zo ta kwashe shi. Maiwada yakan tausaya musu har ya girgiza kai, kamar shi ba haka yake ba.

Alhali matarsa Sauda tana gida, sai bayan shekara biyu yake ganinta. Bana ne takardar zuwanta ta fito, bayan shekara huɗu ana je-ka-ka-dawo. Ya kama ɗaki biyu a Al-Jaradiya, ya yi fenti da hannunsa, ya sayo labule mai furanni wanda abokansa suka yi mako guda suna yi masa tsiya a kai. Bai ko kula su ba. Saura kwana ashirin ta sauka, kuma murna ta hana shi zama wuri ɗaya.

A makon ne manaja na shida, Nishida, ya kira shi ofis, ya nuna masa kujera. Cikin Larabcinsa mai tafiya da sanda ya yi bayani cewa kamfani ya gyara tsari tun daga Japan: daga yanzu ba a tura ma'aikaci wani gari sai an tambaye shi ya amince. To, ana neman gogaggen direba a wani sansanin aiki can arewa cikin sahara, shekara biyu, masaukin maza zalla.

“Ka yarda?” in ji Nishida. “Faɗi gaskiya. Kana da ikon ƙi.”

Wanda ya tsara wannan doka bai taɓa zama da Bakatsine ba. Babba ya zaunar da kai a kujera, ya dubi tsabar idonka, ya nemi abu, ka buɗe baki ka ce a'a? Sannan ka ɗauko zancen matarka a gaban maigida? Maiwada ya sunkuyar da kai yana murza makullin mota.

“Mafi mushkila, mudir,” in ji shi da Larabci, wato ba matsala, manaja. “Yadda kuka gani.”

Nishida ya rusuna ya yi godiya, ya miƙo biro. Maiwada ya sa hannu da kyau, har da ɗan ƙawa a ƙarshe.

Sai da ya fito ya gane abin da ya yi wa kansa. Ya zarce wurin Issoufou, dattijon Damagaram mai dafa shayin ofis, ya zayyana masa komai. Issoufou ya ajiye buta ya dube shi sama da ƙasa.

“Kai, Maiwada! An ce zaɓi, ka zaɓi sahara?”

“Baba Issoufou, idonsa fa cikin nawa. Ka je ka yi mini magana, don Allah. Aikin manya ne.”

Issoufou ya gyara hula, ya ɗauki faranti ya shiga. Minti ashirin ya yi. Ya gaida manaja, ya gaida mutanen Japan baki ɗaya, ya yabi halin Maiwada tun daga kakanninsa. Daga nan ya gangaro kan iskar arewa, yadda take kama ƙirjin wanda ya fara manyanta, ya rufe da cewa mutum in ya yi wa ɗaki sabon fenti, ai akwai dalili. Zancen mata dai shi ma bai taɓa ba, kunya ba ta bar shi ba. Ya fito yana cewa an gama, mutumin ya gyaɗa kai sau ba adadi.

Washegari Nishida ya miƙa wa Maiwada kwalin takunkumin fuska da man shafawa a ƙirji, ya ce kamfani na kula da lafiyar ma'aikatansa.

Ranar Alhamis da la'asar cunkoso ya riƙe su a babban titi, Nishida a baya yana duba takardu. Maiwada ya lura da wani abu: a nan ba ido cikin ido, sai bayan wata motar ɗaukar ruwa. Ya kau da madubi gefe, ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

“Mudir.”

“Na'am?”

“Iyalina za su zo. Ran goma ga wata. Shekara goma sha bakwai ba mu yi azumi ɗaki ɗaya ba.” Ya haɗiyi yawu. “Ba zan je arewa ba.”

Motar ruwa ta matsa, na baya suka dinga danna oda, Maiwada ya ja a hankali yana jiran a ce gobe ya ajiye makulli. Sai ya ji ana zuge jaka, sannan ya ji ƙarar takarda tana yagewa gida biyu.

“Halas, shi ke nan,” in ji Nishida. “Za a tambayi wani.”

Sun wuce fitila biyu kafin ya sake magana, murya ƙasa-ƙasa.

“'Yata tana da shekara huɗu aka fara tura ni. Na ce ba matsala. Wata mai zuwa za ta yi aure. Jiya ta kira ni, cikin ladabi sosai, tana tambaya ko aiki zai bar ni in zo.”