Ranar da na goge wa Kaka Makka

Gidanmu a Maikunkele yake, kusa da filin jirgi, kuma duk jirgin da ya tashi sai Kaka ta toshe kunne. Mahaifiyar babanmu ce, mutuniyar Bida. Da ƙanin babanmu ya sama mata kujerar Makka, cewa ta yi ba za ta shiga cikin abin nan ba, a bar ta ta mutu a ƙasa.

Ni na shigo da wata manhajar kallon Makka gidanmu. Wata ƙawata a Bosso ta sa mini ita a waya. Kana tsaye a ɗakinka sai ga ka a tsakiyar Harami, in ka juya wayar dama hoton ya bi ka dama, in ka ɗaga ta ka ga hasumiya. Don tsokana kawai na nuna wa Kaka. Ta karɓa, ta duba, sai ta miƙo mini da sauri.

"Riƙe, 'yar nema. Ba ni da alwala."

Daga ranar, kullum bayan la'asar sai ta sabunta alwala, ta tuɓe takalmi, ta tsaya a tsakar gida tana juyawa da wayata a hankali, kaji na bi ta ƙafarta. Ga tambaya. Ta nan ake shiga? Akwai inda tsohuwa za ta zauna ta huta? Ba a yi mako biyu ba ta fara tambayar awa nawa jirgi yake yi a sama. Har ta ce wa ɗan nata ta kusa ba shi amsa.

Ni kuwa na gaji. Lokacin ne ƙawayena suke hira, ga caji yana ƙarewa, ga wuta ba kullum ba. Wata Laraba na danna na goge abin. Da ta fito da ruwan alwala a fuskarta, ko kallonta ban yi ba na ce, "Ya daina buɗewa, Kaka. Sun rufe."

"Sun rufe?"

"E."

Ta mayar da takalminta. "To, ba a kira ni ba ke nan."

Na ɗauka maganar tsofaffi ce. Ban san washegari ta aika wa ɗanta ya ba ƙanwarta kujerar ba, wai wanda aka kira ba a rufe masa ƙofa. Sai da aka gama takardu na ji. Nan take na sake sauke manhajar, na je na durƙusa na faɗa mata gaskiya.

Ta dube ni. "Ashe ke ce mai gadin ƙofar."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Har yau ba ta gaya wa Baba ba, ni ma ban iya ba.

Ƙanwarta ta je ta dawo, ta kawo mata zamzam da carbi. Shekarar da ta biyo baya gwiwoyin Kaka suka ƙi, ko banɗaki sai an riƙe ta. Babu wanda ya sake tayar da maganar tafiya.

Manhajar tana nan a wayata. Na goge hotuna, na goge waƙoƙi, ita ban taɓa ta ba. Kaka ba ta iya tsayawa ta juya yanzu, tana zaune nake ja mata hoton da yatsa. Jiya ta buge mini hannu.

"Ke komai gaggawa. Koma baya, ban ga ƙofar ba."

Na koma.