Mutumin da Ban Harba Ba

Ranar da aka kai mu ɗakin majigi na barikin soja ba za ta taɓa fita daga raina ba. Jikana ne ya tono mini ita kwanan nan, da na same shi a falo sanye da wani tabarau mai rufe ido, yana tsalle yana harbin maƙiyan da shi kaɗai ke gani.

Zamanin mulkin soja ne, kuɗin mai na yawo, kowane uba na son ganin ɗansa cikin kaki. Babana, manomi ne a Dundaye, shi ya matsa na shiga ƙungiyar kadet ta makarantarmu, ni da ban iya komai ba sai karatu. Ran nan aka ce duk wanda ya faɗi gwajin harbi za a cire sunansa. Na san in aka cire ni, ba zan iya haɗa ido da baba ba.

Ɗakin duhu ne, an zuba yashi a ƙasa, an rufe bango guda da farar takarda ana haska fim a kanta. Sai mun yi gudu, mun yi rarrafe, sannan mu harbi duk wanda ya ɓullo. Ƙarar da ke fitowa daga lasifika ta sa na manta a Sakkwato nake.

Can a fim ɗin sai wani mutum ya fito daga cikin dawa da wani abu a kafaɗa. 'Yan layinmu duk suka harba. Ni yatsana ya ƙi motsi.

"Malam littafi, mi kaka jira?" in ji na kusa da ni, yana dariya.

Aka tsayar da fim. Sajen da ke horar da mu, dattijo ne da ya yi yaƙin basasa, ya zo ya tsaya a kaina. "Kai, tsoro ne?"

Na ce, "Yallaɓai, galma ce. Ƙarfen na rataye a bayan kafaɗa, ƙotar na gaba. Haka babana ke ɗaukar tasa."

Ya matsa jikin takardar, ya daɗe yana kallon hujojin harsashi da ke ƙirjin manomin. Da ya dawo, a hankali ya ce, "Da ina da mai ido irin naka a gefena wancan lokacin, da yanzu ina samun barci."

Bai cire sunana ba.

Tun ranar na daina jin kunyar nawata. Na gane cewa jan kunamar bindiga kowa na iyawa, tsayawa a duba da kyau shi ne mai wuya.