Rabin Faranti

Ɗan yayata ya kwana ɗan zaman banza, ya wayi gari darakta. Ya ari kyamara, ya sayi hula hana-sallah, ya koyi cewa "akshin", shi ke nan unguwar Barnawa ta yi masa kaɗan. Fim ɗinsa na farko kuwa a kan tsohon soja ne da yaƙi ya taɓa wa kai, alhali shi ko faɗan 'yan Keke bai taɓa tsayawa ya gani ba. Ya same ni ya ce, "Kawu, kawo min abokin nan naka na Narayi, ya nuna wa jarumina yadda ake yi."

Abokin nawa tare muka yi firamare a Tudun Wada, shi ɗan coci, ni ɗan masallaci, benci ɗaya muka sha bulala. Ya shiga soja, aka tura shi daji, ya dawo da hannu biyu da ƙafa biyu, har mutane na yi masa barka wai ya dawo lafiya. Ba ya ihu, ba ya dukan kowa. Abu ɗaya ne: in an ajiye masa abinci sai ya sa cokali ya raba biyu, ya ci nasa ɓarin, ya bar ɗayan. A daji faranti ɗaya suke ci da wani abokinsa, kuma abokin bai dawo ba. Na sha wuya kafin na lallaɓo shi ya fara fitowa daga ɗaki, kullum tsorona kada ya koma ya rufe ƙofa. Na ɗauka yini cikin samari zai ɗebe masa kewa, sai na kai shi.

A wani kango suke aikin. An shafa wa jarumi gawayi, an yaga masa kaki, yana zare ido yana dalalar da miyau. Aka fasa nakawut a madadin ƙarar bindiga, ya kwarara ihu, ya faɗa kwata da ka. Darakta ya juyo yana washe baki.

"Oga, haka ne ko?"

"Ban sani ba," in ji abokina. "Ban taɓa gwadawa ba."

Yaron nan ya ja ni gefe. "Kawu, ka tabbata wannan ya je yaƙi? Ko ɗan firgita ba ya yi."

Da azahar aka raba shinkafa da wake. Abokina ya ja layinsa da cokali, ya ci nasa. Jarumi, wanda birgima a kwata ta sa wa yunwa, ya miƙo cokali yana cewa, "Oga, tunda ka ƙoshi." Ban ga lokacin da aka kama masa wuyan hannu ba, faɗuwar cokalin kawai na ji.

"Da mai shi," abokina ya ce, a hankali.

Sai darakta ya daka tsalle. "Wannan! Wannan nake nema tun safe! Oga, abeg a sake, kyamara ba ta kunne!"

Abokina ya saki hannun, ya rufe abincin, ya tare Keke ya tafi. Daga ranar ya daina ɗaga wayata, matarsa ta ce min ya koma ɗaki. Fim ya fito, 'yan kallo suka yi ta dariya wurin faɗawa kwata, darakta kuma ya shiga gari yana cewa ya wayar da kan al'umma. Har yau in na ga hular nan raina ɓaci yake.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci na je Narayi, na zauna a bakin ƙofarsa, na ce ba inda za ni. Da ya gaji ya buɗe. Ba wanda ya tayar da zancen. Matarsa ta kawo masa shinkafa, ya raba biyu kamar kullum, ya daɗe yana kallon ɗaya ɓarin. Sannan ya juyo da shi gabana, ya miƙo min cokali.

"Ci, mutumina. Shi ma ba ya son a bar abinci ya huce."

Na karɓi cokalin na ci, ban bar ko ƙwaya ɗaya ba.