Imrich da Bindigar Beyar

Imrich Zvara mai wasa zarto ne a injin katako na bakin kogin Hron, kuma da wannan sana'a ya ci abinci tun yana saurayi har ya yi furfura. Amma idan ka tambayi tsofaffin kwarin, ba zarto za su fara ambata ba, hannunsa za su ce.

A shekarun da gwamnatin gurguzu ta kafa ƙungiyar koyon harbi a kowane gari, an share wani fili a bayan tashar jirgin ƙasa, aka kafa alluna, ana manna musu takarda mai baƙin ɗigo a tsakiya. Ran Lahadi bayan an taso daga coci, samari sukan je su kwanta rubda ciki su yi ta harbi da ƙananan bindigogin ƙungiya, masu harsashi kamar ƙwayar wake, waɗanda ƙararsu ba ta fi ta karyewar kara ba. A nan aka gane abin da Allah ya ba Imrich. Idan ya gama harbi aka ciro takardarsa, maɓallin riga ɗaya yakan rufe hudojin duka. Shi ba dogo ba ne, ba shi da murya a taro, rawa ma bai iya ba. Abin da yake da shi ke nan: in ya kwanta bayan bindiga sai jikinsa ya yi tsit kamar ruwan randa, ido a buɗe, yatsa ya taɓa kunama ba tare da sauran jiki ya sani ba. Har gundumomin maƙwabta an san sunansa.

Wannan hannun ne ma ya samo masa mata. Cyril, tsohon malamin daji, ya tsaya bayansa wata Lahadi yana kallo, ya gayyace shi gida cin abinci, a can Imrich ya ga Hedviga, 'yar Cyril. Bayan aure surukin ya shigar da shi ƙungiyar maharba. Ya yi shekarar gwaji kamar kowa, yana kai wa barewa ciyawa cikin dusar ƙanƙara, yana gyara rumfunan tsaro a kan itatuwa, ya ci jarrabawa, 'yan sanda suka ba shi izinin mallakar bindiga. Izinin kuwa na bindiga ɗaya ne tak. Wadda ka zaɓa ita za a rubuta da sunanka, canja ta kuma aiki ne na shekaru, in ma an yarda.

Iri biyu ake samu a wancan zamani. Maharba suna kiransu da faɗin harsashinsu: mai bakwai da mai tara.

"Ɗauki mai bakwai," in ji Cyril, suna zaune a kicin gaban kwanon haluski, wato ɗan waken dankali mai cukun tumaki. "Tana kada barewa, tana kada aladen daji in ka sa harsashi inda ya kamata, kai kuwa ka san inda ya kamata. Ba ta cin kafaɗa. Da ita za ka yi farauta ran Asabar, ka yi harbin allo ran Lahadi."

"In na gamu da beyar fa, Baba?"

"Sai ka gaishe shi ka wuce. Na tsufa a dajin nan ban taɓa ganin an ba mai wasa zarto izinin beyar ba. Na manya ne masu zuwa daga birni da mota."

Gaskiya ya faɗa, kowa ma ya san haka. Amma a kwarin nan da beyar, ƙaton naman dajin nan mai gashi da farata, ake auna bindigar namiji. Ba wanda ya taɓa harbinsa cikinsu, ba wanda za a bari ya harba, duk da haka kowa yakan sayi bindigarsa ne da beyar a zuci, don kada a ce in ranar ta zo bai shirya ba.

Ran Jumma'a da yamma Imrich ya leƙa mashaya, inda maharba suke da teburinsu kusa da murhu. Gejza mahauci, ƙato mai wuya kamar turmi, shi ne bakin teburin.

"Ga angon Hedviga, mai kashe takarda," ya ce. "Takarda nawa ka kayar wannan mako? A kawo wuƙa mu feɗe."

Aka yi dariya, Imrich ma ya yi.

"Na ji surukinka ya zaɓa maka mai bakwai. Ai ya kyauta. Irinta matar likita take ɗauka, ka ga kun yi anko."

"Bar shi, Gejza," wani ya ce. "Jikin nasa nawa yake? Mai tara in ta yi tari sai mu je bakin kogi mu tsinto shi."

"Ni ban hana shi ba. Kowa da gwargwadon kafaɗarsa. Sai dai ranar farautar kora a ajiye shi kusa da mata masu dafa miya, kada wani abu mai gashi ya fito ya ba shi kunya."

Imrich ya shanye ɗan kofinsa na barasar borovicka ya tafi gida. Bai gaya wa Hedviga komai ba. Ya saba a raina tsayinsa da muryarsa, amma ba a taɓa raina shi a kan bindiga ba.

Da ya je kantin makamai a birni, mai kanti ya ɗora masa su biyu a kan tebur. Ya ɗauki mai bakwai ya kai kafaɗa, ta zauna masa daram kamar don shi aka sassaƙa ƙotarta. Ya daɗe yana riƙe da ita. Daga baya ya sha gaya wa matarsa cewa hannunsa ya riga ya zaɓa, bakinsa ne ya ce a naɗe masa ɗayar.

Cyril ya buɗe ƙunshin, ya duba, ya mayar ya rufe.

"To, Allah ya sa alheri," ya ce, bai ƙara ba.

Lahadin farko rabin ƙauye ya zo kallo. Imrich ya kwanta rubda ciki kamar yadda ya saba da ƙaramar bindiga, bai san cewa babba ba a fara ta a kwance ba, domin jiki ba ya samun inda zai ja da baya, ƙashi ne yake shanye dukan duka. Ya taɓa kunama. Sai ya ji kamar doki ya harbe shi a ƙashin wuya, babban yatsansa ya daki hancinsa, jini ya zubo a kan ƙota. Harsashin kuwa ya shiga tsakiyar baƙin ɗigon. Shi ne harbi na ƙarshe mai tsabta da ya yi a rayuwarsa.

"Ta gaishe ka," in ji Gejza. "Amsa mata mana."

Da ya tashi a nan ya goge hancinsa ya ce ya isa na yau, da wataƙila labarin ya zama dabam. Amma mutane suna tsaye. Ya sa wani harsashi, ya sa wani, har kwalin harsashin ya ƙare. Hudojin suna ta yin ƙasa, suna watsuwa. Da daddare Hedviga ta ga kafaɗar ta yi baƙi har ƙirji, ta jiƙa tsumma da ruwan tsami ta ɗora masa.

Da kaka ta zo aka fita farauta. Ya kuskure barewa ta farko a tazarar da yaro zai jefa dutse. Ta biyu ya same ta, amma a cinya. Dokar maharba ce wanda ya raunata dabba shi zai bi jininta har ya same ta, don haka suka wuni shi da Cyril da karen Cyril suna hawa suna sauka. Washegari suka iske ta kwance a bakin rafi, da sauran rai, tana kallonsu. Imrich ya ɗaga bindiga, ya kasa daidaita ta. Cyril ya dafa shi ya matsar gefe, ya ƙarasa ta da tasa.

Wata Talata, ranar da ba kowa a filin harbi, tsohon ya kai shi can.

"Juya baya, ni zan riƙa sa maka harsashi."

Ya sa, ya miƙa, Imrich ya harba. Ya sake sawa, ya sake harbawa. Sai a wani zagaye ya miƙa masa ita babu komai a ciki, bai faɗa ba. Imrich ya auna, ya ja kunama. Bindiga ta ce ƙyas. Amma idanunsa sun riga sun rufe gam, kafaɗarsa ta zabura gaba, bakin bindiga ya dunguri ƙasa, duk a kan dukan da bai zo ba.



"Ka gani, Imro," in ji Cyril a hankali. "Ba idonka ne ya lalace ba. Jikinka ne ya koyi gudu kafin a doke shi. Yanzu abin sabo ne, yana fita. Rataye ta. Kada ka taɓa ta bana, kada ka taɓa ta baɗi. Koma kan ƙaramar har jikin ya manta. Ni kuma zan je wurin 'yan sanda in roƙa a yi mana musaya, ka karɓi tawa mai bakwai. Sun san ni, za su ja rai amma za su yarda."

"Me za a ce a teburin Gejza, Baba?"

"Za a faɗa har Kirsimeti, a gaji, a koma kan wani."

"A ce bindiga ta kore ni, surukina ya ba ni ta mata."

"Tawa ce ta mata? Da ita na ciyar da wadda kake aure."

Imrich ya ba shi haƙuri, amma bai karɓi musayar ba. A ganinsa abin da tsoro ya kawo, sabo zai kore shi. Duk hunturun nan, da an tashi daga injin katako sai ya saɓa mai tara ya nufi tsohon ramin fasa dutse shi kaɗai, ya yi ta harbi yana cije baki, yana ƙoƙarin tilasta wa idonsa ya zauna a buɗe. Mutanen ƙauye suna jin ƙarar daga gidajensu. Bai san cewa kowane harsashi ƙara koya wa jikin darasin yake yi ba.

Da bazara aka kira gasar gunduma ta ƙananan bindigogi, wadda ya saba ci ba gardama. Ya tafi da farin ciki, yana ganin ko ba komai a nan gidansa ne. Ya kwanta, ya rungumi 'yar bindigar da ba ta taɓa yi masa komai ba, ya daidaita numfashi. Yatsa na taɓa kunama, ido ya rufe, kafaɗa ta zabura. Ya ce kuskure ne, ya sake. Haka. Ya sake. Mai duba allo ya ɗaga madubinsa na hangen nesa ya duba, ya sauke, ya duba lambar layin don ya tabbata na Zvara ne. Imrich bai ƙarasa harsasansa ba. Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa, ya mayar da bindigar ga mai ajiya, ya hau jirgin rana ya dawo.

Hedviga tana shanya a bayan gida.

"Har an gama?"

"Ni dai na gama."

Ta dube shi, ta ajiye kwandon.

"Je ka wurin Baba, Imro. Maganarsa tana nan."

Ya je. Tsohon bai ce ai na faɗa maka ba. Suka yi bazarar nan da ta bayanta suna gwada duk dabarar da ya sani: harbi ba harsashi, ɗora kwabo a kan bakin bindiga, toshe kunne da auduga. Wata rana abin ya yi kamar ya tafi, sai washegari ya dawo. Ya riga ya shiga ƙashi. Musayar ma ba a ƙara tayar da ita ba, don ba ta da sauran amfani.

Bai fita daga ƙungiyar maharba ba. Da Cyril ya rasu sai ya gaji karensa, daga baya 'ya'yan karen, ya zama shi ake buga wa ƙofa in wani ya raunata dabba ta ɓace. Yakan fita da igiya da sanda, ba bindiga, ya bi ɗigon jini a kan ganye da irin nutsuwar da yake wasa zarto. In sun same ta sai ya kira mai harbin, shi kuma ya ja karensa ya juya baya. Aikin bai taɓa yanke masa ba, domin kwarin cike yake da masu mai tara.

Sun tsufa shi da Gejza, har suka zama abokan zama a benci ɗaya gaban coci. Wata rana mahaucin, wanda kunnensa ɗaya ya riga ya mutu, ya ce masa:

"Wai kai har yanzu abin nan yana cin ka?"

"Wane abu?"

"Rufe ido. Ai dukanmu muna rufewa. Ni tun ranar da na saye ta ban taɓa ganin fitar harsashina ba. Nakan nuna wajen, in ja, in buɗe ido in ga abin da Allah ya yi."

Imrich ya juyo wajensa.

"Me ya hana ka faɗa tun a lokacin?"

"Wa zai faɗa? Kuma mu ba mu yi asarar komai ba, can ma ba mu iya ba. Kai ne kake da abin da za a ɓata."

Ya faɗe ta ne kamar labarin yanayi, ya ci gaba da cusa taba a lofe.

Imrich ya rasu da kaka, bayan gajeriyar jinya. Maharba suka zo jana'iza cikin korayen rigunansu, kowa da reshen itacen fir a hula wanda zai jefa cikin kabari, kamar yadda ake yi wa ɗan ƙungiya. Al'ada kuma ita ce a jera a bakin kabari a harba bindigogi sama. Shugaban ƙungiya ya je wurin Hedviga, hula a hannu, ya tambaye ta inda take so su tsaya.

"Ku jefa masa rassanku, na gode," ta ce. "Amma kada wanda ya harba. Ku bar shi ya kwanta ba zabura."

Suka jingine bindigogin a jikin katangar maƙabarta, aka binne shi shiru.